Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan CBN da shugabannin NDIC: ƙarin jari mun gani, saura ku riƙa faɗa mana gaskiya da wuri

Zuwa ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Mista Olayemi Cardoso, da shugabannin hukumar inshorar kuɗin ajiya ta NDIC.

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Na san da wuya wannan takarda ta iso teburinka, kuma ko ta iso da Hausa na rubuta ta, to amma ai CBN ba ta rasa Hausawa ba, wani ya yi ƙoƙari ya karanta maka. Ni ba farfesa ba ne, aikina riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a nan Kano, masu yadi da masu hatsi da 'yan kayan masarufi, saboda haka kullum cikin takardun banki nake, kuma ni ake tambaya idan jita-jita ta tashi cewa banki kaza ya kusa mutuwa, a cire kuɗi ko a bari. Wannan tambayar ce ta sa na zauna rubutu, don wallahi yawanci ba ni da amsar da zan ba su, alhali amsar tana cikin kwamfutocinku a Abuja.

Bari in fara da abin da kuka yi daidai. A ranar 28 ga Maris 2024 kun ce bankuna su ƙara jari, mai reshe a ƙasashen waje ya kai naira biliyan 500, na ƙasa biliyan 200, na yanki biliyan 50, bankin da ba ya ta'ammali da ruwa biliyan 20 ko 10 gwargwadon lasisinsa, kuka ba da wa'adi zuwa 31 ga Maris 2026. Wannan ba abin musu ba ne. Mafi ƙarancin jari na biliyan 25 da aka sa tun zamanin tsohon Gwamnan CBN Charles Soludo, a lokacin ta kusa dala miliyan 190, amma bayan an saki naira a Yunin 2023, zuwa 2024 ta dawo ba ta kai dala miliyan 20 ba. Kuma na ji daɗi da kuka ce tarin ribar da aka ajiye ba za ta shiga lissafi ba, sai sabon kuɗi na masu hannun jari, domin kowa ya ga irin ribar da bankuna suka rubuta a 2023 da 2024, mafi yawanta faɗuwar naira ce ta kumbura dalar da ke hannunsu, ba wani aiki suka yi ba. A nan kam kun kyauta.

Matsalata ita ce yadda ake ta maganar kamar da zarar an cika jarin shi ke nan an gama, bankunanmu sun zama dutse. Ranka ya daɗe mun taɓa jin wannan waƙar. A Yulin 2004 Soludo ya ɗaga jari daga biliyan 2 zuwa 25, zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25, aka yi ta murna, bankunanmu na karɓar lambobin yabo a Landan, ana buɗe rassa a Gana da Gambiya da Saliyo. Shekara huɗu ba ta cika ba, ranar 14 ga Agusta 2009, Gwamnan CBN na lokacin Sanusi Lamido Sanusi ya kori shugabannin Intercontinental da Oceanic da Afribank da Union da Finbank a rana ɗaya, ya zuba naira biliyan 420, a Oktoba aka ƙara da Bank PHB da Spring da Equitorial Trust, kuɗin ceto ya kai biliyan 620. Waɗannan fa duk sun cika biliyan 25 ɗin, wasu ma sun ninka ta sau da yawa. To me ya ci su? Kuɗin ya yi musu yawa ba su san inda za su kai shi ba, suka riƙa ba mutane bashi su sayi hannun jari, har da hannun jarin bankin da ya ba da bashin, farashi na hawa kowa na ganin kansa mai kuɗi, suka kuma zuba wa masu shigo da mai, sai ga 2008 gangar mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40, Turawa suka kwashe kuɗinsu, kasuwar hannun jari ta zube fiye da rabi. Ga kuma shugabannin da suka mai da banki aljihunsu, Cecilia Ibru ta Oceanic a 2010 kotu ta ɗaure ta wata shida ta kuma karɓe kadarorin da suka haura naira biliyan 150. Sanusi da bakinsa a lakcar da ya gabatar a Jami'ar Bayero a Fabrairun 2010 ya jero dalilai takwas, kuma a ciki har da raunin sa ido na CBN ɗin kanta da rashin bayyana wa jama'a gaskiyar halin da bankuna ke ciki. A garin nan aka faɗe ta.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne idan ka bi sawun bankunan da aka ceto a wancan lokacin ka ga inda suka ƙare. A Agustan 2011 aka karɓe guda uku aka sauya musu suna, Afribank ya zama Mainstreet, Spring ya zama Enterprise, Bank PHB ya zama Keystone. Skye ya sayi Mainstreet a 2014, a 2016 aka sauke shugabanninsa, a Satumban 2018 aka soke lasisinsa ya zama Polaris, AMCON, hukumar gwamnati mai sayen ruɓaɓɓun basussukan bankuna, ta zuba naira biliyan 786. Heritage ya sayi Enterprise a 2014 shi ma, ranar 3 ga Yuni 2024 ku da kanku kuka soke lasisinsa. Keystone da Polaris da Union kuwa a Janairun 2024 kuka rusa hukumomin gudanarwarsu, duk da dai dalilin da kuka bayar na saɓa ƙa'ida ne da yadda ake shugabanci. Wato kusan duk inda aka binne ciwon 2009 nan ya sake tsirowa bayan shekara goma ko sha biyar. Akwai wanda ya zauna a sashen bincikenku ya rubuta mana dalilin haka? Idan an rubuta ina yake? Wane ne ya amince wa ƙaramin banki ya haɗiye wanda ya fi ƙarfinsa, kuma da wane kuɗi ya saya?

Masana suna bambanta mutuwar banki ɗaya da haɗarin da ke iya cinye tsarin gaba ɗaya, kuma mu 'yan Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba don mun san gobarar kasuwa. Ba girman shagon da wutar ta fara ba ne abin dubawa, yadda rumfuna suka manne da juna ne, da wayar lantarki ɗaya da ta ratsa layin gaba ɗaya, da kuma ko motar kashe gobara za ta samu hanyar shiga. Haka bankuna suke, suna ba junansu rance na kwana ɗaya, suna bin mutum ɗaya bashi su goma, duk suna riƙe da takardun bashin gwamnati iri ɗaya, duk taransifa ɗinsu ta hanyar NIBSS, cibiyar da ke haɗa bankuna wajen tura kuɗi, take bi. Ka tuna Etisalat a 2017, kamfani ɗaya ya kasa biyan bashin dala biliyan 1.2 kuma bankuna 13 ne suka haɗu suka ba shi, sai da CBN da hukumar sadarwa ta NCC suka shiga tsakani. Haka bashin ɓangaren mai da iskar gas, shi ne kaso mafi girma a littattafan bankuna shekara da shekaru, kuma da dala aka ci da yawansa, ranar da naira ta faɗi bashin ya ninka kansa a takarda ba tare da mai bashin ya ƙara karɓar ko sisi ba. Doka ta ce kada banki ya ba mutum ɗaya fiye da kashi 20 na jarinsa, to faɗuwar naira kaɗai ta tsallakar da wasu wannan iyakar suna zaune.

CBN ta san da wannan, shi ya sa tun wajejen 2014 aka ware bankuna takwas aka ce su ne waɗanda faɗuwarsu za ta girgiza kowa, a sa musu ido na musamman, su riƙe jari fiye da na saura. A cikin takwas ɗin nan har da Skye da Diamond. Skye ya mutu a 2018, Diamond kuma Access ya haɗiye shi a 2019 bayan bashi ya yi masa katutu. Biyu cikin takwas, kuma waɗanda aka ce an fi sa wa ido. Ba gori nake yi ba, tambaya nake, sa idon ne bai gani ba ko kuwa ya gani aka yi shiru?

Ni a ganina na biyun ne, kuma nan ne zuciyar wasiƙar nan. Akwai wannan ɗabi'ar ta ɗaga wa banki ƙafa, bashi ya ruɓe amma a ce a bar shi a rubuce a matsayin mai lafiya, a sake masa jadawalin biya, a jira ko Allah zai kawo sauƙi. Lokacin korona a 2020 an yi haka kuma da hujja, kowa ya san halin da aka shiga. Amma korona ta wuce aka ci gaba da tafiya a haka, bankin da ke cikin wannan alfarmar yana raba riba ga masu hannun jari yana biyan daraktoci garaɓasa, sai a Yunin 2025 kuka fitar da takarda kuka ce duk wanda ke ƙarƙashin alfarmar ya dakatar da rabon riba da garaɓasa da zuba jari a waje. Madalla da wannan. Sai dai ba ku faɗi sunan kowa ba. Me ya biyo baya? Kamfanonin nazarin jari suka shiga hasashe, jaridu suka ɗauka, hannun jarin bankuna ya yi ƙasa, bankuna suka riƙa fitar da sanarwa ɗaya bayan ɗaya kowa na cewa ni lafiyata ƙalau, a WhatsApp kuma aka juya maganar ta koma banki kaza da kaza za a rufe. Mai hannun jari a Legas yana da wanda zai kira ya fassara masa. Alhaji mai shago biyu a Kwari saƙon murya kawai ya samu daga wani ɗan'uwansa, washegari ya zo min da takardar cire kuɗi.

Na san amsar da za ku bayar, cewa idan aka ambaci suna jama'a za su yi rububin kwashe kuɗi, bankin da da zai warke ya mutu. Wannan tsoron gaskiya ne, ban raina shi ba. Shi ne ma binciken da masanan tattalin arziki Douglas Diamond da Philip Dybvig suka yi tun 1983 wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2022, cewa banki na karɓar kuɗin da za a iya nema yau ya ba da shi bashin shekaru, don haka ko lafiyayyen banki ne idan kowa ya zo rana ɗaya sai ya durƙushe, tsoron ne da kansa yake haifar da abin da ake tsoro. Kuma yanzu ba sai an yi layi ba, a Maris 2023 bankin Silicon Valley na Amurka an zare masa dala biliyan 42 a yini ɗaya ta waya da kwamfuta, washegari aka rufe shi. Amma ranka ya daɗe ka dubi ɗaya gefen. A Mayun 2009, tsakiyar rikicin da ya biyo bayan faɗuwar bankin Lehman, Amurka ta gwada manyan bankunanta 19 don ganin ko za su iya jure girgiza, ta buga sakamakon kowa da sunansa, ta ce 10 na buƙatar ƙarin jari na kusan dala biliyan 75, ga wa'adi, ga abin da gwamnati za ta yi idan sun kasa. Kasuwa ba ta ruɗe ba, sai ma ta lafa, saboda mutane sun daina zargin kowa da kowa. Tun daga nan suke bugawa da suna, Turai ma haka. Ku ma kuna yin irin wannan gwajin, yana cikin rahoton daidaiton harkar kuɗi da kuke fitarwa, amma a dunƙule, manyan bankuna kaza matsakaita kaza ƙanana kaza, a ce idan munanan basussuka suka ƙaru da kashi kaza jarin rukunin zai sauka zuwa kaza. To ni a wane rukuni nawa yake, kuma shi ne mai jan rukunin ƙasa ko mai ɗaga shi? Matsakaicin lissafi ai yana ɓoye mara lafiya a tsakiyar masu lafiya. Kuma rahoton kan fito a makare, da Turancin da ko wanda ya yi digiri sai ya sha ruwa.

Shirun nan ba kowa yake cutarwa daidai ba. Kafin a rufe banki manya sun riga sun sani, ma'aikatan ciki sun sani, manyan kamfanoni sun janye, wanda ake bari a ciki shi ne wanda bai da kowa a sama. Heritage an daɗe ana raɗe-raɗinsa, mutane na kukan ba sa iya cire kuɗinsu tun kafin a soke lasisin, amma a hukumance babu wanda ya ce komai sai ranar da aka wayi gari an kulle ƙofa.

A nan zan juyo gare ku shugabannin NDIC. Gaskiya kun yi abin a yaba, wata ɗaya kafin rufe Heritage kun ɗaga inshora daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, na maikirofainans daga dubu 200 zuwa miliyan 2, kuma kun yi amfani da BVN kun tura wa mutane kuɗinsu a wani asusun nasu ba tare da sun yi ta zarya ba. Wanda ya tuna bankuna 26 da aka rufe a Janairun 1998 ko Savannah a 2002 ya san wannan ci gaba ne babba. Kun ce miliyan 5 ta rufe kusan kashi 99 na masu ajiya, haka ne, amma a lissafinku dai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na kuɗin da ke ajiye. Sauran fa? Rabon farko da kuka yi wa masu sama da miliyan 5 a Heritage a Afrilun 2025 kwabo 9.2 ne a kowace naira. A ce mutum na da miliyan 50, ya karɓi 5, ragowar 45 ɗin rabon farko ya ba shi miliyan 4 da 'yan kai bayan wata goma, saura sai an sayar da gine-gine an karɓo bashi, naira kuma tana ta zagwanyewa.

Za a ce ai mai miliyan 50 attajiri ne ya ji da kansa. Ku zo Dawanau lokacin kaka ku gani. Dillalin riɗi ko waken suya zai zauna a kan benci da ƙaramar waya da wani tsohon littafi mai bangon leda, asusunsa ɗaya da sunansa da BVN ɗinsa, amma kuɗin da ke ciki na mutum ashirin ne ko talatin, wannan ya turo buhu arba'in daga Jigawa, wancan daga Yobe, kamfani ya biya a dunƙule da yamma, shi kuma sai ya kwana biyu yana rarrabawa, wasu ma ba su da asusu sai yaro ya kai musu a hannu ranar kasuwar garinsu. A littafinku mai ajiya ɗaya ne, miliyan 5 ce haƙƙinsa. A littafinsa mai bangon leda gidaje talatin ne. Haka dillalan shanu a Wudil da Maigatari, haka uwar adashe, haka ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwa. Binciken ƙungiyar EFInA mai nazarin harkar kuɗi na 2023 ya nuna kusan rabin manya a Arewa maso Yamma ba sa cikin tsarin kuɗi kwata-kwata, to amma kuɗinsu na shiga banki, ta asusun wani yake shiga. Kuna da tsarin da ke bin kuɗin waya har zuwa kan kowane mai shi, me zai hana a yi nazarin irinsa ga waɗannan asusun na amana? Ban taɓa cin karo da wannan maganar a bakin wani jami'i ba.

Sai maganar ma'auni. A Yunin 2024 an bar Heritage ya mutu, a Agustan shekarar kuka amince da tallafin naira biliyan 700 don haɗewar Unity da Providus. A matsayina na ɗan Arewa ba zan ɓoye ba na ji sanyi, Unity shi ne abin da ya rage na Bank of the North da sauran bankunan da suka haɗu su tara a 2006, dogon benen nan na kan titin Zariya har yau tsofaffi da tsohon sunan suke kiran sa, kuma akwai garuruwan da reshensa ne kaɗai bankin da suka sani. Amma jin daɗina ba hujja ba ne. Wace ƙa'ida ce ta ce wannan a cece shi wancan a bar shi? Idan yawan rassa ne ko yawan masu ajiya ko alaƙarsa da sauran bankuna, a rubuta a buga kowa ya gani. Idan ba a rubuta ba kowane shugaban banki zai ɗauka cewa abin da ake buƙata shi ne ka yi girma ko ka san mutane, sai ya ci gaba da ganganci da kuɗin jama'a, riba tasa asara tamu. AMCON da aka kafa a 2010 don ta share ɓarnar 2009 har yau tana nan tana bin tiriliyoyin naira, bankuna na biyan ta rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dukiyarsu duk shekara, kuma kowa ya san a jikin wa suke fanshewa, cajin kaza cajin kaza da muke gani a alat.

Akwai kuma haɗarin da ba a son faɗa saboda daga gidan gwamnati yake fitowa. Da kuɗin ruwa ya kai kashi 27.5, kuma kuka riƙe rabin ajiyar bankuna a wajenku kafin ku sassauta zuwa kashi 45 a Satumban 2025, banki ba shi da dalilin wahalar da kansa da mai masaƙa ko mai injin casar shinkafa, takardun bashin gwamnati sun ishe shi. Ana lissafa su a matsayin marasa haɗari. Mutanen Gana ma haka suka ɗauka, sun gama gyaran bankunansu tsakanin 2017 da 2019, an rufe UT da Capital, an haɗe wasu biyar, an ɗaga jari zuwa sidi miliyan 400, sai ga gwamnati da kanta a ƙarshen 2022 ta ce ba za ta iya biyan bashin cikin gida yadda aka yi alkawari ba, bankunan da aka gama wankewa suka tafka asara. Mu nan an ga yadda bashin da gwamnati ta ci kai tsaye daga CBN ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin a mai da shi takardun bashi a 2023. Shin gwajinku yana tambayar me zai faru idan gwamnati ce ta yi tuntuɓe? Kuma kada a manta girgiza mafi muni da talaka ya gani a 'yan shekarun nan ba wani banki ne ya jawo ta ba, canjin kuɗi ne na farkon 2023, lokacin da mutum da kuɗinsa a asusu yake sayen naira da naira, har sai da Kotun Ƙoli ta sa baki ranar 3 ga Maris. Na san ba a zamaninka aka yi ba, amma kujerar ɗaya ce, kuma har yau akwai waɗanda tun daga lokacin suka koma ajiye kuɗi a buhun hatsi da dabbobi da dala, ba su dawo ba.

Wani abin kuma, harkar ta riga ta bar cikin rassa ta koma kan na'urar POS. Mai shayi, mai nama, mai kayan miya, kowa da lambar asusu a manne a jikin teburi. Wasu daga cikin kamfanonin nan lasisin maikirofainans ne da su, wasu na kuɗin waya, inshorarsu ba ɗaya ba ce, kuma na rantse cikin masu amfani da su da wuya ka samu wanda ya san nasa wanne ne. A Mayun 2023 an soke lasisin ƙananan bankuna 179, a Afrilun 2024 kun hana OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint ɗaukar sababbin kwastomomi na wasu makonni, ke nan kun san girmansu ya kai a damu. To ranar da ɗaya daga cikin manyan ya tsaya cak na kwana uku fa? Na ga ƙaramin samfurin haka lokacin da wani banki, ba zan kama suna ba, yake sauya manhajarsa, an loda tirela an ɗaure tamfol, direba ya kunna mota ya kashe ya fi a ƙirga, mai kaya ya ce ba za ta fita ba sai ya ga alat, mai saye na nuna masa waya an cire kuɗi daga wajensa, 'yan dako na zaune a inuwar motar suna jiran haƙƙinsu har aka yi kiran magariba. Babu wanda jarinsa ya gaza a ranar, amma ciniki ya tsaya. Wannan ma rashin daidaito ne, kuma biliyan 500 ba ta maganinsa.

Bankunan da ba sa harka da ruwa ma, tun da Jaiz ya fara a 2012 ga TAJ ga Lotus, mutanenmu da yawa can suka koma saboda addini, ya kamata a yi musu bayani a fili yadda ake agaza wa irin waɗannan idan kuɗin hannu ya yanke musu tunda ba za su karɓi rance mai ruwa ba, da kuma yadda inshorarsu take.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Ku fara buga sakamakon gwajin nan banki-banki, ko da manyan da kuka ware ne za a fara da su, tare da adadin bashin da aka ɗaga wa ƙafa da wanda daraktoci da 'yan'uwansu suka ci, ba sai bayan an rufe banki mu ji a kotu ba. Idan kuna ganin yanzu da haɗari, ku sa rana, ku ce daga shekara kaza za a fara, bankuna su shirya. A kuma binciki inda sabon jarin nan ya fito, kada a maimaita na 2005 inda bashin banki ya zagayo ya dawo a matsayin jari. Alƙaluman da kuke tarawa kuma ku buɗe wa masu bincike na jami'o'i, ga Bayero da cibiyarta ta nazarin bankin Musulunci, ga ABU, ga Usmanu Danfodiyo, ɗalibai na ta rubuta kundin digiri a kan bankuna da ɗan abin da suka tsinta a rahoton shekara, alhali tambayoyin gaske irin na asusun dillalin Dawanau babu mai taɓa su don babu bayanai. Mai sa ido shi ma yana buƙatar wanda zai duba aikinsa daga waje.

Ku kuma NDIC, rediyo na nan, Kano kaɗai tashoshi sun fi a ƙirga da yatsu. Rubu'in awa a mako da Hausa ya isa a gaya wa mutane nawa ne inshorar asusunsu, a gaya musu cewa miliyan 5 ɗin a kowane banki ce don mai yawa ya rarraba, a gaya musu irin su CBEX da suka kwashe kuɗin jama'a a 2025 ba banki ba ne kuma babu wanda zai biya su. Sitikar da ke jikin ƙofar banki da Turanci take, kuma ba ta faɗi adadi yadda mai wucewa zai gane ba.

Kaka na zuwa, kuɗi za su sake taruwa a asusun mutanen da nake yi wa lissafi, kuma za su sake tambayata wane banki ne lafiyayye. A yanzu abin da nake ce musu shi ne su raba kuɗin gida uku ko huɗu, kada su bar na mutane ya kwana fiye da yadda ya zama dole. Ina so in samu takarda daga wajenku mai suna da alƙaluma wadda zan buɗe a gabansu in karanta musu.

Na gode, Allah ya taimake ku a kan aikin.

Naku,
wani mai riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, Kano.